Sabuwar masana'antar gyaran shinkafa a yankin Kura: aikinta yana da kyau, amma hannun da take ɗauka kaɗan ne

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya fara bin magudanan Kadawa yana ratsa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, shinkafa ta zama ita ce ke riƙe da gidaje masu yawa a wannan yanki, rani da damina. Manomi yana ci daga gare ta, haka ma mai gumi da mai shanya da mai injin casa da ɗan dako da mai awo a kasuwa. Saboda haka duk wani sabon abu da ya shigo harkar, ba mai gona kaɗai yake shafa ba. Abin da zan yi bayani a kansa shi ne wata matsakaiciyar masana'antar gyaran shinkafa da aka kafa a gefen wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kura, wadda take karɓar shanshera daga hannun manoma da 'yan kasuwa ta gyara musu a biya ta lada. Ina cikin ƙungiyar manoman da ke kai kaya can, kuma da yake akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, ba zan ambaci sunan wurin ko na mai shi ba.

Aiki iri biyu suke yi. Na farko shi ne cikakken aiki, wato ka kawo shanshera ɗanya kamar yadda ta fito daga gona, su jiƙa ta a tanki, su turara ta, su busar da ita da injin busarwa, su cashe, su cire tsakuwa, su ware baƙaƙen ƙwayoyi, sannan su ɗura a buhu su ɗinke. Na biyu shi ne rabin aiki, inda mutum zai kawo shinkafar da aka riga aka yi gumi aka shanya a gida, su kuma su fara daga casa zuwa ɗinki. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, kuma a kansa ne hukuncina ya rataya.

Idan mota ta sauke kaya, abu na farko shi ne sikeli, kuma na yaba da cewa fuskar sikelin tana kallon mai kaya, ba a ɓoye ta a bayan teburi ba. Daga nan ma'aikaci zai soka bututu a cikin buhu ya ɗebo 'yar kaɗan, ya zuba a wata ƙaramar na'ura mai kama da rediyon hannu wadda ke nuna yawan danshin da ke cikin ƙwayar. Iyayenmu da haƙori suke yin wannan gwaji, su ciza su ji ƙarar ƙwayar, kuma sau da yawa suna dacewa, amma na'urar ta kashe gardamar da ake yi tsakanin mai kaya da mai inji. Abin da ake so kafin casa shi ne danshin ya sauka zuwa kusan kashi 14 cikin ɗari. Idan ya wuce haka shinkafar ba ta casuwa da kyau, idan kuma ta bushe fiye da ƙima a rana mai zafi sai ta tsattsage ta karye a cikin inji. Wanda kayansa bai bushe ba, ana gaya masa a take, ya zaɓi ko ya koma ya ƙara shanya ko ya biya kuɗin busarwa.

Game da ingancin aikin kansa, ba ni da wata tababa. Ƙananan injinan da muka saba da su, masu goge ƙwaya da ƙarfe, suna karya shinkafa da yawa, suna cakuɗa ɓuntu da dusa wuri guda, kuma ba ruwansu da tsakuwa. Wannan kuwa da roba yake ɓare ɓawon, ɓuntu ya fita ta hanyarsa, dusa ta fita ta tata hanyar, tsabtatacciya wadda masu kiwon kaji da shanu ke nema. A bisa al'ada, daga kilo 100 na shanshera kusan kilo 20 ɓuntu ne, shinkafar da za ta fito kuma ba ta cika wuce kilo sittin da 'yan kai ba, don haka ribar mai kaya tana ga yawan ƙwayar da ta fito ba ta karye ba, kuma a nan ne wannan masana'anta ta yi wa tsofaffin injina nisa. Abin da ya fi ɗaukar hankalin duk wanda ya shiga ciki shi ne na'urar tantance launi. Shinkafa tana gangarowa ta wasu siraran kwaroro, na'urar tana kallon kowace ƙwaya, da zarar ta ga baƙa ko ja sai ta feso iska ta tunkuɗe ta gefe, kana jin ƙarar fesowar ba ƙaƙƙautawa. Idan ka tara hannu a bakin mafita, za ka ga ƙwayoyi masu launi ɗaya, masu tsawo ɗaya, waɗanda uwargida za ta wanke ta zuba a tukunya ba tare da ta zauna tsinta a faifai ba. Tsakuwa ce ta daɗe tana zubar da darajar shinkafa 'yar gida a idon mutanen birni, har suka gwammace 'yar Tailan da 'yar Indiya ko da ta fi tsada. Buhun da ya fito daga wannan wuri, dillalan da ke kai kaya Dawanau da kasuwar Singa ba sa jinkirin ɗaukarsa, kuma suna ƙara kuɗi a kan wanda aka cashe a ƙaramin inji.

Aibobin wurin su ma a fili suke. Ladan aikin ya yi tsada, kuma ba a rubuta shi a allo ba, sai ka zo ka tarar ya canza, a ce maka man janareta ya tashi. Na san wutar lantarki ba ta tsayawa, na kuma san abin da ya sami kuɗin sufuri da na kayan gyara tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki darajar naira, amma wannan bai hana a rubuta farashin ranar a bakin ƙofa ba. Na biyu, tankin jiƙa ba ya tashi sai ya cika, saboda haka mai buhu uku ko huɗu dole a haɗa kayansa da na wasu, kuma idan aka haɗa shinkafa iri biyu kamar sifi da jamila a tanki ɗaya, lokacin da kowace ke bukata bai zo ɗaya ba, sai wata ta dahu fiye da wata. Na uku, a lokacin kaka idan layi ya yi tsawo, babban ɗan kasuwa mai tirela yana shiga gaban ƙaramin manomi da ya riga shi zuwa. Sannan akwai batun dusa da karyayyar shinkafa, waɗanda idan ba ka yi magana tun farko ba, sai su zama na masana'anta, alhali kuwa kuɗi ne. Wurin zama na masu jira ma babu inuwar kirki, babu kuma kewaye na mata.

Duk waɗannan gyararru ne, mai wurin zai iya kawar da su cikin ɗan lokaci idan ya so. Abin da ya fi damuna ya fi su zurfi, kuma shi ne dalilin da ya sa na ga bai kamata in tsaya ga yabon tsabtar shinkafa ba.

Kafin buhu ɗaya na shanshera ya zama shinkafar ci ta tsohuwar hanya, hannaye da yawa suna taɓa shi, kuma kowane hannu yana samun rabonsa. Ɗan garuwa yana kawo ruwan jiƙa. Mai itace yana sayar da nasa. Mace tana jiƙa shinkafar ta kwana, da asuba ta tsame ta zuba a rabin duro, ta rufe da buhu, ta hura wuta har tururi ya ratsa ta ɓawon ya fara tsagewa. Samari suna kwasa su baza a tamfol ko a daɓe, suna bi da ƙafa suna juyawa, suna korar kaji da awaki, idan hadari ya taso su tattara a guje. Mai kura yana kai wa inji, bayan casa wasu matan su sheƙe su tsince, daga nan mai awo ya sayar da kwano. Yawancin masu gumi matan aure ne da ke aikin a cikin gidajensu ba tare da sun fita ba, da zawarawa da tsofaffin da ke riƙe da marayu. Da kuɗin gumi ake zubin adashi, ake haɗa wa 'ya kayan ɗaki, ake sayen magani da littafin makaranta ba tare da an jira maigida ba. Ba ina cewa aikin mai daɗi ba ne. Hayaƙi yana cin ido da ƙirji, ruwan zafi yana ƙona hannu, itacen da ake ƙonawa yana ƙarar da bishiyoyinmu, ladan kuma bai taka kara ya karya ba. Sai dai shi ne abin da ke hannunsu.

Idan ka shiga masana'antar ka ƙirga waɗanda ke aiki, za ka ga masu kula da injina 'yan kaɗan, waɗanda yawancinsu daga birni aka kawo su domin su suka san aikin, da akawu ɗaya, da mai gadi, da 'yan dako da ake sallama kullum gwargwadon buhunan da suka ɗauka. Mace ba ta da gurbi sai a shara. Kayan da wurin ke gyarawa a yini guda ya isa ya ba mata masu yawa aikin mako. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta gaya mini cewa 'yan kasuwa biyu da suka shekara da shekaru suna kawo mata gumi sun daina, kuma ba don sun sami laifi a aikinta ba. A lissafin hukuma, arzikin yankinmu ya ƙaru, domin shinkafar ta fi yawa ta kuma fi daraja. A cikin gidan Inna kuwa, abin da ke shigowa raguwa ya yi.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya, kuma ƙasashen da suka fi nuna shi a fili su ne waɗanda suka bar tsarin gurguzu, inda gwamnati ke riƙe da gonaki da masana'antu, suka koma tsarin kasuwa. A ƙasar Polan an fara sauyin a Janairun 1990 ƙarƙashin ministan kuɗi Leszek Balcerowicz, aka saki farashi, aka janye tallafin kamfanonin gwamnati. Tattalin arzikin ya faɗi na shekara biyu, ya fara farfaɗowa a 1992, daga nan ya yi ta bunƙasa har ƙasar ta zama abin misali. Amma rashin aikin yi ya kai kusan kashi 16 cikin ɗari a 1993, kuma bayan shekara goma ana bunƙasa, a 2002 da 2003, ya kai kusan kashi 20. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne sababbin masu kamfanoni sun sayo injina na zamani suna samar da kaya mai yawa da ma'aikata kaɗan. Waɗanda suka fi shan wuya su ne ma'aikatan manyan gonakin gwamnati da aka rushe a farkon shekarun 1990, mutanen karkara waɗanda sababbin ayyukan birni ba su dace da iliminsu ko shekarunsu ba. Abin bai sassauta sosai ba sai bayan da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004, matasa masu yawa suka tafi ci-rani Birtaniya da wasu ƙasashe.

Ƙasashen Sin da Biyetnam sun bi wata hanya dabam, kuma tasu ta fi kusa da halinmu domin daga gona suka fara. Sin ta soma mayar wa iyalai ikon noma filayensu daga 1978, sannan ƙananan masana'antu na ƙauyuka da garuruwa suka yaɗu har suka ɗauki mutum fiye da miliyan 100 aiki a shekarun 1990. Saboda haka manomin da gona ta daina bukatar hannunsa yana samun wurin yin bulo ko ɗinki ko ƙira kusa da gida. Ko a can ma, lokacin da aka rage ma'aikatan kamfanonin gwamnati a ƙarshen shekarun 1990, miliyoyin mutane sun rasa aiki. Biyetnam ta fara nata sauyin a 1986, ta ba iyalai filayen noma a 1988, kuma a 1989 ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci ta fitar da shinkafa fiye da tan miliyan ɗaya zuwa waje. Bayan haka masana'antun tufafi da takalma, daga baya na wayar hannu, suka riƙa kwasar matasan karkara, musamman mata. Abin da nake gani a nan shi ne, inji yana rage hannu a ko'ina, amma zafin abin ya dogara ne ga ko akwai wata ƙofa da ke buɗe a daidai lokacin da aka rufe ta farko, da kuma ko wanda aka rufe wa ita zai iya shiga sabuwar.

Nijeriya ba ta taɓa zama ƙasar gurguzu ba, amma ita ma ta yi nata sauyin tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da aka karya darajar naira aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Mutanen Kano sun ga yadda masaƙu da sauran masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka yi ta rufewa a shekarun da suka biyo baya. Daga farkon shekarun 2000 zuwa 2014 tattalin arzikin ƙasar yana bunƙasa da kusan kashi 6 cikin ɗari ko fiye a yawancin shekaru, amma babban kaso na bunƙasar daga man fetur da sadarwa da bankuna ya fito, waɗanda ba sa ɗaukar ma'aikata gwargwadon kuɗin da suke juyawa. Ko alƙaluman ma suna iya ruɗar mutum. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sannan bayan ta sauya ma'auni, ta fara lissafa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya koma kashi 4.1 a farkon 2023. A wannan ma'auni Inna tana da aikin yi ko da buhu ɗaya ta turara a mako. Irin masana'antar da nake magana a kanta kuwa ta yawaita ne bayan Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da shinkafa samun dala daga gare shi a 2015, aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a Kebbi a Nuwambar shekarar, aka kuma rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Manufar ita ce a ƙara noma da sarrafawa a gida, kuma an ƙara, amma ban ga an yi tanadin komai ba domin matan da ke sarrafawa tun kafin zuwan injina.

Ban ɗora wa mai masana'antar laifin wannan ba. Ya zuba dukiyarsa a ƙauye maimakon ya gina shaguna a birni, kuma idan babu irin aikinsa, shinkafarmu ba za ta iya gogayya da 'yar waje ba, ranar da aka buɗe mata ƙofa kuwa manomi da mai gumi duka za su rasa. Amma akwai abin da yake hannunsa. Rabin aikin da yake yi, wanda ya bar gumi da shanya a hannun mata da samari, shi ne ya haɗa tsabtar inji da aikin jama'a, kuma shi ne ma'aikatansa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin cikakken aiki ya fi kawo kuɗi. Hujjarsu ita ce gumin gida ba ya zuwa launi ɗaya, wani ya ƙone daga ƙasan duro, wani ya yi tsami saboda daɗewa a ruwa. Wannan gaskiya ne, amma yana da magani. Akwai tukunyar gumi mai marfi da rariya a ciki, wadda ke ɗaga shinkafar sama da ruwa ta yadda tururi kaɗai ke dafa ta, kuma matan da suka koyi wanke shanshera kafin jiƙawa da amfani da irin wannan tukunya, aikinsu yana fita fes. Ɓuntun da ke tare a bayan masana'antar ma makamashi ne da zai rage musu sayen itace. Haka nan babu abin da zai hana a ɗauki matasan ƙauyen da suka gama sakandare a koya musu kula da injinan, maimakon a bar su a dako kawai.

Ga wanda ke da kaya mai yawa na iri ɗaya kuma kasuwar birni yake nufi, cikakken aikin wannan wuri zai biya masa bukata, musamman da damina lokacin da shanya ke wuya. Ga ƙaramin manomi da mai sayarwa a kasuwannin kusa, shawarata ita ce ya ba mai gumin da ya amince da ita, ya tabbatar an shanya a tamfol ba a ƙasa ba, a ƙarasa busarwar a inuwa, sannan ya kai a yi masa rabin aiki. Kuɗin da zai kashe bai kai na cikakken aiki ba, irinsa ba zai cakuɗu da na wani ba, shinkafar kuma za ta fito ba tsakuwa. Kowane ya zaɓa, kada ya bari a sauke buhu ɗaya sai an rubuta masa a rasit nauyin kayansa da ladan aiki da kuma wanda zai ɗauki dusa da karyayya.

Ƙungiyarmu ta rubuta wa mai wurin takarda tana roƙon a ware rana ɗaya a mako domin masu rabin aiki kaɗai, a bi layi bisa wanda ya riga zuwa, a kuma riƙa ba ƙungiyoyin mata ɓuntu a farashi mai sauƙi. Manajan ya karɓi takardar da mutunci, ya ce zai isar wa Alhaji, kuma muna sa ran jin amsa kafin a fara yankan shinkafar rani.